Amsa ga ƙanina da ya hango hasumiyoyin Madurai: gidan wace ce wannan?

Wa alaikumus salam ƙanina, da farko dai ya mai jiki? Allah ya ba Hajiya lafiya, yasa kaffara ne. Ka ce kun je Madurai jinya, daga saman benen masaukinku kana hango wasu dogayen hasumiyoyi masu fenti kala-kala cike da gumaka tun daga ƙasa har ƙololuwa, da ka tambayi mai adaidaitar da ke kai ku asibiti sai ya ce maka gidan "Amma" ne, shine kake son sanin wace ce ita, wa ya gina wajen, me suke yi a ciki, kuma ko za'a bar baƙo ya leƙa. Toh gyara zama, don ni tarihin gine-ginen kudancin Indiya na karanta, kuma na yi shekaru ina zirga-zirga a garin nan har masu sayar da fure na bakin ƙofar gabas sun san fuskata. Abin da zan faɗa maka na imaninsu labarinsu ne yadda suke bayar da shi, ni mai bayani ne kawai, kowa da addininsa.

Sunanta Minakshi, a allunan gari zaka ga an rubuta Meenakshi, ma'anar sunan mai idon kifi, kuma a wajensu yabo ne babba, wato ido dogo mai kyau, sannan suna cewa kamar yadda kifi baya rufe ido haka ita ma bata runtsawa akan mutanenta. Kalmar "Amma" ko "Amman" kuwa uwa kenan da yaren Tamil. A lissafin addinin Hindu ita siffa ce ta Parvati matar Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, shi kuma Shiva a nan garin Sundareswarar suke ce masa, kyakkyawan ubangida. Sai dai in kana so ka gane wajen nan da gaske ka ajiye tunanin ɗakin ibada a gefe tukunna, ka ɗauke shi a matsayin fada. Fadar sarauniya ce da mijinta ya tare a gidanta, ginin da tsarin yini da bukukuwan shekara duk akan haka aka ɗora su. Har zolaya mutanen Tamil suke da ita, idan suna son sanin wa ke juya gida sai su ce "a gidanku Madurai ne ko Chidambaram?", don a haikalin garin Chidambaram Shiva ne gaba, a Madurai kuwa uwargida ce da magana. Mu da sai muce mijin ta ce.

Labarin da suke bayarwa shine wani sarkin gidan Pandya, masu sarautar Madurai a da, mai suna Malayadhwaja da matarsa Kanchanamalai basu da magaji, suka hura wutar hadaya suna roƙon ɗa namiji, sai ga yarinya 'yar shekara uku ta fito daga cikin wutar da nono uku. Hankalin sarki ya tashi, sai aka ji murya tace ya raine ta kamar namiji, na ukun zai ɓace ranar da ta ga mijinta. Ta girma ta gaji sarauta, ta ci ƙasashe da yaƙi har ta kai dutsen Kailash mazaunin Shiva, tana yin ido huɗu da Shiva abin ya ɓace, jarumar da ta zo da takobi ta sunkuyar da kai don kunya. Aka dawo Madurai aka ɗaura aure, Vishnu, wani babban abin bautarsu, a matsayin yayanta shine waliyyi. Ka riƙe labarin nan, duk abin da zaka gani a can maimaicinsa ne. Kuma maganar mace mai mulkin ƙasar nan tsohuwa ce sosai, Megasthenes jakadan Girkawa da ya zauna a Indiya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa ya rubuta labarin wata ƙasa a kudu da sarauniya Pandaiya ke mulka. Tambarin sarakunan Pandya ma kifi ne.

Tarihin ginin kansa kuma daban. A ƙarni na 7 wani mawaƙin addininsu da ake kira Sambandar ya riga ya yi wa wajen waƙa, kaga an daɗe ana bauta a nan, amma mafi yawan abin da idonka ke gani yau bai kai wannan tsufan ba. Hasumiyar gabas ce mafi daɗewa cikin manyan, ta ƙarni na 13 ce zamanin da Pandya ke kan ganiyarsu. Sai a 1311 Malik Kafur, kwamandan Sarkin Delhi Alauddin Khalji, ya gangaro kudu daidai lokacin da 'ya'yan sarki biyu, Sundara da Vira, ke rigimar gadon sarauta, ya shiga Madurai ya kwashi abin da ya samu, daga wannan fitar ya koma Delhi da ɗaruruwan giwaye da dubban dawakai da zinare. Gaskiya dai a faɗe ta, haikalin ya sha ɓarna, kuma abin da ya kawo rundunar dukiya ce, don a lokacin haikali shine baitulmalin ƙasa. Daga 1335 aka kafa daular musulmi mai cin gashin kanta a Madurai, sarkinta na farko Jalaluddin Ahsan Khan, kuma ka san wa ya auri 'yarsa? Ibn Batuta, wannan dai matafiyin da daga baya a 1353 ya biyo ta Takedda ta ƙasar Nijar ta yanzu har ya ambaci Gobir. Ya shiga Madurai da ƙafarsa ya tarar ana annoba. Daular bata yi tsawon rai ba, wajen 1378 ta ƙare bayan Kumara Kampana ɗan sarkin daular Hindu ta Vijayanagara ya karɓe garin. Masu hidimar haikalin suna da labarinsu cewa an toshe ɗakin ciki da bango shekara 48, da aka fasa aka tarar fitila na ci, wannan kam nasu ne.

Waɗanda suka mayar da wajen yadda yake yau sune sarakunan Nayak, asalinsu gwamnonin Vijayanagara ne masu yaren Telugu da suka zama sarakuna. Baƙi ne a ƙasar Tamil, kuma a ganina shi yasa suka zuba dukiya haka, baƙon sarki in yana son gari ya karɓe shi sai ya nuna shi bawan sarauniyar garin ne. Viswanatha Nayak da wazirinsa Ariyanatha Mudaliar suka sake tsara garin a ƙarni na 16, wazirin ne ya gina zauren ginshiƙi dubu wajen 1569, wanda in ka ƙirga 985 zaka samu. Sai babbansu Tirumala Nayak da ya yi mulki 1623 zuwa 1659, shi ya gina fadar nan da ake kai 'yan yawon buɗe ido, shi ya gina Pudu Mandapam mai ginshiƙi 124 a gaban ƙofar gabas. Ka shiga can ka nemi mutum-mutuminsa, masassaƙin bai yi masa kara ba ko kaɗan, ga tumbi nan a gaba ya haɗe hannu biyu yana gaisuwa, matansa a gefe. Lokacin da nake can teloli ne cike a zauren nan da kekunan ɗinki a gindin ginshiƙan, ka ba da yadi da safe ka karɓi riga da la'asar.

Ka duba taswirar garin a wayarka zaka ga abin da nake nufi da fada. Haikalin na tsakiya, fili ne da ya kai eka 14 kewaye da doguwar katanga, tituna kuma sun zagaye shi zobe bayan zobe, murabba'i cikin murabba'i, sunayensu ma na watannin Tamil ne, Adi, Chithirai, Avani Moola, Masi, don da su ake zagayawa da sarauniya a bukukuwa. Na wajen su Veli, nan ne ganuwar gari da gwalalonta suke kafin Turawan Ingila su rushe ta a ƙarni na 19.

Hasumiyoyin da kake hangowa gopuram ake ce musu, guda 14 ne, manyan huɗu na waje kowace hawa tara, ta kudu tafi tsawo, wajen mita 52, kuma ita kaɗai tana ɗauke da siffofi sama da 1,500. Kuskuren da kowane baƙo ke yi shine ya zata a ƙarƙashinsu abin bautar yake. A'a, ƙofofi ne kawai, kamar soron ƙofar gidan sarki. Tsarin ginin kudu haka yake, waje ne ke da tsawo da hayaniyar launi, kana shiga rufi na ƙara sauka haske na raguwa, har ka kai ɗakin ƙarshe ɗan ƙarami mai duhu ba taga, sai hasken aci-bal-bal, samansa da 'yar ƙubba da aka lulluɓe da zinare wadda daga titi ma ba kowa ke ganinta ba. Gindin gopuram dutse ne zalla, daga nan zuwa sama jan bulo ne da farar ƙasa don nauyi ya ragu, gumakan nan masu launi duk da kwaɓin farar ƙasa aka yi su ba sassaƙar dutse ba, shi yasa rana da ruwa ke cinsu, bisa al'ada duk shekara 12 ake gyara a sake fenti a yi babban bikin tsarkakewa da suke kira kumbhabhishekam, a hau can ƙoli a kwarara ruwa akan tulunan ƙarfen da ke jere a sama, an yi irinsa a 1995 da 2009. Ni dai fentin nan na zamani bai cika burge ni ba, ya yi ƙyalli da yawa, aikin gaske yana ciki, a dutsen da ba'a shafa wa komai ba.

A ciki ɗin ne zaka ga ginshiƙin da aka fitar daga dutse guda, jikinsa wata dabba ce ta tatsuniya da suke kira yali, gangar jiki ta zaki wani lokacin da haƙori da hancin giwa, ta miƙe akan ƙafafun baya kamar zata faɗo maka. Akwai wasu kusa da hasumiyar arewa da aka rarake dutse ɗaya ya zama siraran sanduna da yawa, in ka ƙwanƙwasa kowace da sautinta. Dutsen nan fa irin mai taurin nan ne da muke dutsen niƙa da shi, da kurfi da guduma kawai suka yi masa haka har da farce da jijiyar hannu. Sannan ga tafkin badon zinare, Porthamarai Kulam, mai matattakala ta kowane ɓangare, tsawonsa ƙafa 165 faɗi 120, a nan mutane ke zama su huta, kuma daga nan ne aka fi ganin hasumiyar kudu da kyau. Sun ce a da majalisar mawaƙan Tamil a bakinsa take zama, in ka kawo rubutunka sai a jefa a ruwa, mai kyau ya yi iyo na banza ya nutse. Da ana haka yau da tafkin ya cika.

Ita kanta gunkinta ba babba bane can, na dutse ne mai duhun kore, a tsaye, hannu biyu kawai kamar mutum, riƙe da fure da aku a kansa. Akun nan alamarta ce, har akwai zauren da a da ake ajiye akuna a keji ana koya musu kiran sunanta. Kuma ita ake fara gaisarwa, masu ziyara ta wajenta suke fara bi sannan su wuce wajen mijin, wanda a yawancin haikalan Shiva ba haka ake ba. Tsakanin ɓangarenta da nasa akwai ƙaton Ganesha mai kan giwa da duk shekara ranar bikinsa ake yi masa dunƙulen garin shinkafa guda ɗaya tak amma na mudu 18. Can ɓangaren mijin kuma akwai Shiva mai rawa da aka lulluɓe da azurfa, ko'ina a Indiya ƙafar hagu yake ɗagawa amma a nan ta dama ce, wai wani sarkin Pandya da ya koyi rawa ya san wahalarta ne ya tausaya masa ya roƙe shi ya canza ƙafa ya huta.

Ibadar yau da kullum kuwa hidimar gidan sarauta ce sak. Limamansu, Bhattar ake ce musu, gado ne a wasu zuriyoyin Brahmin, wato jinsin malaman addininsu, su ke tashin sarauniyar da mijinta da asuba wajen ƙarfe biyar da kiɗan nadaswaram, wata doguwar algaita ce, da ganga mai suna tavil. A ja labule a yi musu wanka da ruwa da madara da kindirmo da zuma da man ƙamshi, a sa musu tufafin alharini da gwala-gwalai da furanni, a kawo abinci, sannan a buɗe labule a kewaya fitila a gaban fuska ana kaɗa ƙararrawa, wannan lokacin ne jama'a ke turereniya, don abin da ya kawo su kenan, darshan, su ganta ta gansu. Sau shida ake wannan a yini. Mai ziyara yakan zo da kwakwa da ayaba da furen malli, farin furen nan mai ƙamshi da zaka ga mata sun saƙala a gashi wanda Madurai ta yi suna da shi, liman ya fasa kwakwar ya mayar masa da rabi, ya ba shi jan gari na kumkum a wajenta, toka a wajen mijin, ya shafa a goshi. Ba'a yanka a nan ko kaza, kar ka haɗa da irin su Kalighat na Kolkata ko Kamakhya na Assam inda ake yanka awaki, su ma na mata ne amma hanyarsu daban. Da rana wajen sha biyu da rabi a rufe ƙofa, masu gida na ƙailula, sai ƙarfe huɗu. Ran Juma'a da yamma a ɗora ƙananan gumakansu na ƙarfe akan lilo ana musu waƙa.

Wanda yafi tsaya min a rai shine na dare. Wajen ƙarfe tara zaka ji algaita ta taso daga ɓangaren mijin, sai ga mutane ɗauke da wani ɗan akwatin azurfa mai labule akan sanduna a kafaɗa, wani na fifita da mafici, wani na gaba da kaskon turare hayaƙi ya turnuƙe har baka ganin na kusa da kai, jama'a na bi da sauri ƙafa ba takalmi akan dutsen da ya sha mai yana santsi. Raka miji ake ɗakin matarsa. A ƙofarta a tsaya a yi masa wankin ƙafa da fure, a shiga da shi turaka, har ƙawanyar hancinta ake cirewa wai kar ta karce shi, a rufe ƙofa sai asuba a mayar da shi. Ranar da na fara gani wata tsohuwa a gefena tana ta share hawaye da bakin sarinta kamar 'yarta ake kaiwa ɗaki.

In zamanku ya kai Afrilu zuwa Mayu toh zaka ga bikin Chithirai ko baka so, don garin tsayawa yake cak, mutane kusan miliyan. Ana farawa da ɗaga tuta, kwana na takwas naɗin sarautarta, a sa mata kambi da abin wuya na furen darbejiya, alamar gidan Pandya, a miƙa sandar mulki ga shugaban amintattun haikalin a madadin sarkin da, ya zagaya da ita ya dawo mata da abarta. Na tara ta fita cin ƙasashe, na goma ɗaurin aure, kuma daidai lokacin da aka ɗaura matan aure dubbai a cikin taron suke canza zaren aurensu mai ruwan ɗorawa da ke wuya, a ci shinkafar biki, har gudummawar kuɗi mutane ke bayarwa a basu rasit kamar bikin 'yar uwa. Washegari a ja manyan karusai na katako da igiya a titunan Masi. Sai ɓangaren da yafi ban dariya, yayan amarya Kallazhagar, wato Vishnu na wani haikali mai nisan kilomita 20 da 'yan kai, ya taso akan dokin zinare zai zo biki, yana isowa kogin Vaigai aka ce masa ai an riga an ɗaura, ya yi fushi ya shiga ruwa ya ƙi haurowa cikin gari. Manoma kalar kayan da ya sa suke kallo, in kore ne sun ce damina zata yi kyau. Asali bukukuwa biyu ne daban, Tirumala Nayak ne ya haɗe su wata ɗaya don ya haɗa mabiya Shiva na birni da mabiya Vishnu na ƙauye, siyasa ce tsantsa kuma ta ci. Minakshi tana riƙe da mulki wata huɗu, a watan Avani a naɗa mijin ya karɓa.

Kar kuma kyan gini ya rufe maka ido, ɗaruruwan shekaru akwai 'yan garin da ba'a bari su taka ƙofar nan saboda asalinsu, waɗanda yanzu ake kira Dalit, har da 'yan Nadar. Ranar 8 ga Yuli 1939 wani lauya A. Vaidyanatha Iyer, shi kansa Brahmin, ya ja Dalit biyar da Nadar ɗaya suka shiga, cikinsu akwai P. Kakkan da ya zama minista daga baya. Yawancin limaman suka yi yaji suka ce an ƙazantar da wajen, basu dawo ba sai 1945, gwamnatin Rajagopalachari, firimiyan lardin Madras na lokacin, kuma ta yi doka ta kare waɗanda suka shiga. Gandhi sai a 1946 ya shiga. Yau ma'aikatar gwamnatin jihar Tamil Nadu ce ke kula da kuɗi da gudanarwar wajen.

Batun shiga kuma, eh ana barin wanda ba Hindu ba ya shiga farfajiya da bakin tafki da zauren ginshiƙi dubu da aka mayar gidan tarihi ana biyan kuɗi kaɗan, amma ɗakunan ciki biyu akwai allo an rubuta iyakarka. Takalmi da safa a waje ake bari, ba gajeren wando, kuma waya bata shiga, tun bayan gobarar 2 ga Fabrairu 2018 da ta tashi daga shagunan ciki ta cinye wani zaure kusa da ƙofar gabas kotu ta hana. In liman ya miƙo maka toka ko jan gari ka dafa ƙirji ka girgiza kai, ba mai tilasta maka, ni ban taɓa samun matsala ba. In kuma zuciyarka bata kwanta da shiga ba toh ba dole, shagunan titin Chithirai suna hawa da mutum saman rufinsu ya kalli hasumiyoyin, sai dai ka shirya zasu tallata maka darduma har ka gaji. Sallah kuwa babban masallacin Kazimar na nan wajen kilomita ɗaya daga haikalin, tsohon masallaci ne da masu shi ke cewa sarkin Pandya ne ya ba kakansu filin tun ƙarni na 13, ka ce wa mai adaidaitar nan "Periya Pallivasal" zai gane. Af, in TVS ce adaidaitar tasa ka faɗa masa irinta ce ta cika titunanmu, kamfanin a Madurai ya fara a 1911 da motocin haya. Ka gaida Hajiya da jiki, in likita ya yarda ka saya mata jigarthanda mai sanyi a titin Masi.